Idan dattijuwa ce ke jan ragamar bincike: yadda ake gina shirin da inda yake karyewa

Angela Lansbury tana da shekara 58 lokacin da tashar CBS ta fara nuna Murder, She Wrote a 1984. A ƙarshen wannan shekarar BBC ta fito da Joan Hickson a matsayin Miss Marple tana da 78. Brenda Blethyn ta fara Vera a 2011 tana da 65, ba ta ajiye ba sai a Janairun 2025. Kathy Bates kuwa shekararta 76 da aka fara nuna sabon Matlock a 2024. Shekara arba'in ke nan ana yin irin wannan shiri ba a fasa ba, kuma duk wanda ya kalle su da yawa zai lura da abin da ke raba masu kyau da marasa kyau. A masu kyan, shekarun jarumar kayan aiki ne. Da za a cire ta a sa ɗan shekara talatin a gurbinta, labarin ba zai motsa ba. A marasa kyan kuwa furfurar ado ce kawai: an rubuta matashin jami'i ne, daga baya aka canja masa suna aka ƙara masa shekaru.

Abu na farko da marubuci zai warware shi ne wa ya ba ta izinin shiga maganar. Ɗan sanda aikinsa ne ya je inda aka tsinci gawa. Tsohuwar malamar makaranta me ya kai ta? Agatha Christie ta warware wa Miss Marple wannan ta hanya biyu. Ta kewaye ta da masu tsaya mata, irin su Sir Henry Clithering, tsohon shugaban Scotland Yard, wato rundunar 'yan sandan London, wanda kalmarsa ɗaya ta isa ta sa sufeto ya saurare ta ko ransa bai so ba. Sannan ba ta cika ba. Dogayen littattafan Marple 12 ne kacal, na farko a 1930, kuma BBC ta ɗauki shekara takwas, daga 1984 zuwa 1992, kafin ta gama mayar da su shirin talabijin. Mai kallo zai iya yarda cewa mace ɗaya ta ci karo da kisa goma sha biyu a tsawon rayuwarta.

Murder, She Wrote bai sami wannan sauƙin ba. Kashi 264 aka yi a zango 12, wato kusan 22 kowace shekara, kuma Cabot Cove, garin Jessica Fletcher, jarumar shirin, ƙaramin gari ne na ƙirƙira a bakin teku a jihar Maine. Ba zai ɗauki kisa ashirin da biyu a shekara ba. Sai marubutan suka riƙa fitar da ita. Da yake marubuciyar littattafai ce, yau tana wani birni tallar littafi, gobe tana biki ko ziyarar dangi. A can sai a yi kisa, a kama wani nata bisa kuskure, sau da yawa Grady, ɗan ɗan'uwan mijinta, shi ke nan ta sami dalilin tsoma baki. Daga zango na takwas ma sai aka ba ta masauki a New York da aikin koyarwa a jami'a. Dabarar tana aiki, amma tana da iyaka. Idan aka kama ɗan'uwan jaruma bisa kuskure fiye da sau uku ko huɗu a zango guda, a ganina mai kallo ya daina jin tsoro a madadinsa, domin ya riga ya san ƙarshen. Akwai wata ƙaramar dabara a shirin da ba a cika yabawa ba: Jessica ba ta tuƙa mota. Keke take hawa, ko wani ya rage mata hanya. Wannan ya sa kullum akwai wanda ke zaune kusa da ita na minti biyu ko uku ba shi da wurin gudu, kuma hira a mota ta fi tambayoyin ofis fitar da magana.

Babban makamin waɗannan mata shi ne raini. Mutane suna magana a gabansu kamar ba kowa a wurin, mai gadi ba ya tambayar su katin shiga, mai laifi ba ya gyara ƙaryarsa saboda su. Raina kama ka ga gayya. Ba wanda ya fito da wannan fili kamar kashi na farko na Matlock, kuma wanda bai kalla ba ya tsallake sauran wannan sakin layi. Jarumar, wadda ke kiran kanta Madeline Matlock, ta shige ginin wani babban kamfanin lauyoyi na New York ba tare da izini ba, don kawai ba wanda ya kawo a ransa cewa tsohuwa mai lalubar jaka tana da wata manufa. Ta kutsa taron manyan lauyoyi da bayanin da ta tsinto daga bakin lauyan ɗaya ɓangaren, wanda ya saki baki a gabanta. Ta ce musu mijinta ya mutu ya bar ta da bashi da jika, rabonta da aikin lauya tun farkon shekarun 1990. Sai a mintocin ƙarshe ta sauka daga bas, ta shiga motar da direba ke jiran ta, ta nufi katafaren gida inda mijin yake da ransa. Sunanta na gaskiya Kingston, 'yarta ta mutu sanadin magungunan kashe raɗaɗi masu kama jiki, kuma ta shiga kamfanin ne don ta gano wanda ya ɓoye takardun da da sun sa an janye maganin daga kasuwa. Mai kallo ma an yi amfani da raininsa, kuma wannan ne ya sa kashin ya zauna a zuciya.

Sai dai raini harsashi ɗaya ne a kan mutum ɗaya. Sufeton da ya ga dattijuwa ta warware kisa goma a gabansa, amma har yanzu yana korar ta daga wurin bincike, ya zama wawa a idon mai kallo, kuma shirin da 'yan sandansa wawaye ne nasarar jarumarsa ba ta da nauyi. Mafita uku na sani da suka yi aiki. Ko a canja 'yan sandan kowane mako ta hanyar tafiye-tafiye, ko a mayar da na gida abokin aiki, kamar yadda shugabannin 'yan sandan Cabot Cove, Amos Tupper da Mort Metzger bayansa, suka koma neman shawararta, ko kuma a sa ɓoye kan ya zama shi ne labarin zangon gaba ɗaya. Matlock ta ukun ya bi, ya kuma sa mata farashi: Madeline ta shaƙu da Olympia, lauyar da take aiki a ƙarƙashinta kuma take yaudara, don haka kowace nasara tana ƙara mata nauyin ranar da asiri zai tonu.

Yanzu ga yadda ake ƙera kashi ɗaya. A manyan tashoshin Amurka awa guda ta shiri minti 42 zuwa 44 ce idan an cire talla, an yanka ta gida biyar ko shida, kuma kowane yanki dole ya ƙare da abin da zai hana mutum canja tasha. A wannan ɗan lokacin waɗanda ake zargi ba sa wuce huɗu ko biyar. Ƙasa da uku, an gane mai laifi tun da wuri. Fiye da shida, mai kallo ya fara manta wane ne wane. Kowannensu yana buƙatar abu uku: dalilin da zai sa ya so mutuwar mamacin, damar kasancewa a wurin, da wani sirri nasa wanda bai shafi kisan ba. Sirrin nan shi ne ke sa marar laifi ya yi ƙarya, kuma ƙaryar marasa laifi ita ce ke cika tsakiyar kashin. Shirye-shiryen Birtaniya irin Vera suna da kusan minti 90, don haka suna iya ɗaukar iyali biyu ko uku da wani tsohon al'amari na shekaru ashirin da suka wuce.

Dokar da ba a karyawa ita ce adalci ga mai kallo. Tun 1929 Ronald Knox ya rubuta ƙa'idoji goma na labarin bincike, kuma uku daga ciki har gobe suna aiki: mai laifi ya kasance wanda aka gabatar tun farko, duk alamar da mai bincike ya gani a nuna wa mai karatu, kuma kada a warware magana da sa'a ko da jin jiki marar dalili. A talabijin ana shuka muhimmiyar alama sau uku. Bari in ƙirƙiro misali. An tsinci wani dattijo a ƙasan matakalar bene. Matarsa ta ce cikin dare ya tashi shan ruwa ya zame. A minti na tara kyamara ta ratsa ɗakin kwanansa, ta wuce ta kan teburin gefen gado, inda tabaransa ke naɗe a kan littafi. Daƙiƙa biyu, ba wanda ya ce uffan. Wajen minti na ashirin 'yarsa tana kuka tana ba da labarinsa, ta ce ko fuskarta ba ya ganewa daga nesa in bai sa tabarau ba, maganar ta wuce a matsayin ƙauna. A minti na talatin da uku jarumar za ta sauka daga bene a gidanta, ta kai ƙafa matakala ta farko, ta tsaya, ta koma ɗaki ɗauko nata tabaran, hannunta na kansa sai ta ƙame. Mai irin wannan idon ba ya taka bene da ƙafarsa ba tabarau. Matashin saja mai lafiyayyen ido zai shiga ɗakin nan sau goma bai ga komai ba. Wannan shi ne nufina da cewa shekaru kayan aiki ne. Marple ma haka take: ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, abin da take da shi shi ne ta ga irin wannan halin a wani mutum na ƙauyenta, St Mary Mead, shekaru da suka wuce, ta kuma san yadda ya ƙare.

Wurare uku ne kashi ya fi lalacewa. Na farko baƙon ɗan wasa. Idan cikin waɗanda ake zargi akwai fitacciyar fuska guda ɗaya wadda aka ba ɗan ƙaramin matsayi, kowa ya san ba don layi uku aka biya ta ba. Murder, She Wrote ya magance wannan da cika kowane kashi da tsofaffin taurari huɗu ko biyar a lokaci guda, Elsbeth kuma, da Carrie Preston ke ja tun 2024, ya bi hanyar Columbo: a nuna mai kisan tun farko, abin jira ya zama yadda za a kama shi. Na biyu suɓutar baki, inda mai laifi ya faɗi abin da mai kisa ne kaɗai zai sani. Dabara ce mai kyau, amma idan ita ce kowane mako, mai kallo ya daina bin labari ya koma farautar jimla ɗaya. Na uku, wanda ya fi damuna, amsa laifi a minti na arba'in a kan hujjar da ba za ta kai ko ƙofar kotu ba. Mutumin da ya shirya kisa cikin natsuwa ba zai rushe don an nuna masa tabarau ba. Sai ya ce a kira masa lauya. Idan ana so ya amsa, dole a ba shi dalili: ko amsawar za ta ceci wanda yake ƙauna daga zargi, ko an riga an kafa masa tarko ya zo ɗauke hujjar da hannunsa, 'yan sanda suna bayan ƙofa. Akwai ma wata gaɓa ta shari'a da ke taimakon jarumar da ba ta da kaki. Gargaɗin da Kotun Ƙolin Amurka ta wajabta a shari'ar Miranda a 1966 ya shafi tambayoyin da 'yan sanda ke yi wa wanda ke tsare a hannunsu ne, bai ɗaure mutumin gari da ke hira da maƙwabcinsa ba.

Idan jarumar 'yar sanda ce, matsalar izini ta kau, wata ta maye gurbinta. Yanzu doka ce ke riƙe da ita. A Ingila da Wales, dokar 1984 da ta tsara ikon 'yan sanda ta ba su awa 24 su tsare mutum ba tare da tuhuma ba. Sufuritanda na iya ƙarawa zuwa 36 a manyan laifuka, majistare kuma zuwa 96 gaba ɗaya. Ana naɗar tambayoyi, lauya na iya zama a gefe, kuma a babban laifi masu gabatar da ƙara na gwamnati ne ke cewa hujja ta isa ko ba ta isa ba. Marubucin da ya san wannan agogon ba ya buƙatar tseren mota. Prime Suspect na Lynda La Plante, wanda aka fara a 1991, a kan haka ya tsaya. Babban sufeton da ke riƙe da binciken ya faɗi ya mutu, jarumar, Jane Tennison, ta nemi a ba ta, ta tarar da mazan da ba sa son ta, ta gano cewa ko sunan mamaciyar ba daidai aka rubuta ba, kuma wanda ake zargi ya fita daga hannu saboda hujja ba ta cika ba. Helen Mirren, da ta fito a matsayinta, tana da 45 a lokacin, tana da 61 da aka rufe shirin a 2006, kuma an bar shekarun sun yi aikinsu a kan Tennison: giya, kaɗaici, mahaifi a gadon asibiti, ritaya tana ƙaratowa. Ban san shirin da ya fi shi faɗin gaskiya game da abin da wannan aiki ke ci a jikin mutum ba.

Vera ya fi sassauci, kuma akwai wurare biyu da yake roƙon mai kallo ya kau da kai. A zahiri babbar sufeto mai jagorantar binciken kisa yawancin lokacinta a ofis yake, tana raba aiki, tana rubuta dalilin kowace shawara, tana lissafin ma'aikata da kuɗi. Kurata da masu muƙamin saja ne ke bin gida-gida. Vera Stanhope kuwa ita ke tuƙa tsohuwar Land Rover ɗinta zuwa kowace gona a Northumberland. Sannan tsarin da aka daɗe ana bi a Birtaniya a da shi ne ɗan sanda ya yi shekara 30 ya karɓi fansho, don haka jami'a mai shekara saba'in da wani abu ba ta cikin lissafi. Shirin bai cika ambaton shekarunta ba, kuma hakan daidai ne. Abin da ya saya da wannan sassaucin ya fi abin da ya sayar. Kallo ɗaya za ka yi wa yadda take shiga gidan da aka yi rashi: tsohuwar hula, rigar ruwa da ta sha jiki, ta zauna ba a ce ta zauna ba, ta tambayi hoton da ke bango maimakon ta tambayi inda mutum yake ƙarfe tara na dare, ta bar shiru ya yi tsawo har mai gidan ya cike shi da abin da bai yi niyyar faɗa ba. Sai ta ɗago, muryar ta canja, tambaya ɗaya tak.

Happy Valley na Sally Wainwright ya bi ta wata hanya, kuma shi ne nake fara ba wa wanda ke ganin irin waɗannan shirye-shirye ba su da zafi. Catherine Cawood saja ce mai kaki a kwarin Calder da ke yammacin Yorkshire, kaka ce mai riƙon jika. A fitowarta ta farko an kira ta ga wani saurayi da ya zuba wa kansa fetur a filin wasan yara. Kafin ta isa sai ta biya shago ta karɓi tukunyar kashe gobara da baƙin tabarau mai araha don kare fuskarta. Tana tsaye gabansa, don ta ja hankalinsa, ta zayyana masa rayuwarta cikin 'yan jimloli: shekararta 47, aurenta ya mutu, tana zaune da 'yar'uwarta da ke farfaɗowa daga shaye-shaye, 'ya'yanta biyu, ɗaya ta rasu, ɗaya ba ya mata magana. Cikin 'yan mintoci an nuna gwaninta, an ba da tarihinta, ba a tsayar da labari ba. Kashi 18 ne duka, shida-shida a 2014 da 2016 da 2023, kuma an jira shekara bakwai kafin zango na uku don yaron da ke fitowa a matsayin jikan ya girma ya kai shekarun da zai nemi sanin mahaifinsa da kansa.

Kusan kowace irin wannan jaruma ana haɗa ta da matashi. Amfaninsa a fili yake: shi ne ƙafa idan ana gudu, shi ne mai kwamfuta, shi ne kuma wanda za ta yi wa bayani don mai kallo ya ji. Kuskuren shi ne a mayar da shi marar tunani don ita ta haska, ko a mayar da ita wadda ba ta iya taɓa waya don shi ya sami abin yi. Wasan tsohuwa da wayar hannu ya tsufa, kuma yana rage mata daraja ba tare da ya ƙara wa labari komai ba. Joe Ashworth da Aiden Healy a Vera sun yi aiki ne saboda kowannensu yana da gida da iyali, abin da ita ba ta da shi, kuma suna iya ce mata ta yi kuskure.

Ɓangaren kotu yana da nasa tarkon. Gaskiyar shari'a a Amurka ita ce fiye da kashi 90 cikin ɗari na hukuncin laifuka ana samun su ne ta yarjejeniyar amsa laifi don a sassauta, ƙararrakin kuɗi kuma mafi yawansu a sulhu suke ƙarewa. Kafin zama, ɓangarorin biyu suna musayar takardu da sunayen shaidu, ana ɗaukar bayanin shaida bisa rantsuwa a ofishin lauya, abin yana cin watanni ko shekaru. Shaidan da ya faɗo daga sama ana tsakiyar zama, ko ƙarar da aka shigar Litinin aka yanke Juma'a, na talabijin ne. Shirye-shiryen da suka fi ƙarfi su ne waɗanda suka nemi zafi a cikin gaskiyar. Damages, wanda Glenn Close ta fara a 2007 tana da 60, ƙara ɗaya yake bi a zango guda, da wuya ka ga zauren kotu, faɗan duk a kan wane shaida zai yi magana ne da nawa za a biya. Patty Hewes, lauyar da Close ta fito a matsayinta, ba wadda ake raina ba ce, tsoronta ake ji, kuma shekarunta su ne tarin sanin lagon kowa da tarin waɗanda ta taka. Close ta ci kyautar Emmy a kai a 2008 da 2009. Major Crimes, da Mary McDonnell ta ja daga 2012, ya ɗora tsarinsa ne kacokan a kan yarjejeniyar amsa laifi, saboda shari'a tana cin kuɗin birni. The Good Fight kuwa ya fara ne a 2017 da jarumarsa, lauya Diane Lockhart, tana shirin ritaya zuwa kudancin Faransa, sai ajiyarta ta salwanta a damfarar zuba jari irin wadda ake biyan na farko da kuɗin na baya. Ɗan shekara talatin zai sake tarawa. Wadda ta kai shekarun ritaya ba ta da wannan lokacin, shi ya sa komawarta aiki a wani kamfanin lauyoyi na baƙaƙen fata a Chicago take da nauyi tun daga rana ta farko.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ta kashe shirye-shirye masu rai. Masu talla a Amurka sun daɗe suna biya ne a kan masu kallo 'yan shekara 18 zuwa 49, wanda ya haura haka kusan kyauta ake lissafa shi. Murder, She Wrote ya yi shekara goma sha ɗaya a daren Lahadi yana cikin waɗanda aka fi kallo, sai a 1995 CBS ta mayar da shi Alhamis ya yi karo da shirin barkwanci na Friends, masu kallo suka zube, aka rufe a 1996. Kashinsa na ƙarshe a kan gidan rediyo ne da ke watsar da tsofaffin masu sauraro don neman matasa. Harry's Law, inda Kathy Bates ta fito a matsayin lauya mai ofis a shagon takalma a Cincinnati, yana cikin shirye-shiryen NBC da aka fi kallo, amma aka soke shi a 2012 bayan zango biyu. Masu kallonsa manya ne, kuma kamfanin Warner Bros. ne mai shi, don haka tashar ba ta da rabo a cinikin gaba. Kafafen kallo na intanet da ake biya wata-wata sun sauya lissafin, domin kuɗin mai shekara saba'in daidai yake da na mai ashirin. A nan ne irin su Harry Wild na Jane Seymour suka sami gida.

Abu na ƙarshe jikin 'yar wasan ne, kuma wanda bai lissafa shi tun farko ba zai lissafa shi dole daga baya. Kashi ɗaya na awa guda yana cin kwana bakwai zuwa takwas na ɗauka, yini kan kai awa goma sha biyu ko fiye, jarumar kuma tana cikin mafi yawan fitowa. A ninka da 22. Da aikin ya yi wa Lansbury yawa, a zango na shida da na bakwai aka riƙa yin wasu kashi inda take buɗe labari ta rufe kawai, wani mai bincike ya yi tsakiyar. Masu kallo ba don wani suka zo ba, aka watsar da tsarin, ita kuma daga 1992 ta zama shugabar masu shirya shirin, ta sami iko a kan jadawalinta. Tsarin Birtaniya na 'yan kashi kaɗan a shekara ya fi dacewa, shi ya sa Hickson ta kai 86 tana aiki, Blethyn ta kai 78. Hanyar rage nauyi ba tare da an rage jarumar ba sananniya ce: a ba mataimaka labari na biyu da ke cin kusan kashi ɗaya cikin uku na lokaci, a tara fitowarta ta wuri ɗaya a ɗauke su a jere, a rage ɗaukar dare da ta waje a lokacin sanyi.

Rufewa ma sai an shirya ta. Major Crimes ya kashe jarumarsa, Sharon Raydor, da ciwon zuciya saura kashi huɗu shirin ya ƙare. Na fahimci niyyar, ana so a nuna yadda waɗanda ta rena za su tsaya ba ita, amma an cire wadda mai kallo ke bi tun 2012 daidai lokacin da babban mugun shirin ya dawo, kuma duk ƙoƙarin sauran 'yan wasan ramin bai cike ba. Masu Vera sun fi dabara. Tun a 2024 aka sanar cewa zango na 14 shi ne na ƙarshe kuma kashi biyu ne kawai, aka rubuta su da sanin haka, da Blethyn a tsakiyar kowannensu har zuwa ƙarshe.